Keke a Bakin Kanal: Abin da Holan Ta Yi da Gefen Ruwanta, da Abin da Muka Yi da Namu



Duk mai riƙe da babbar waya ya taɓa cin karo da hotunan ƙasar Holan: ruwa a miƙe kamar an ja shi da zare, shanu na kiwo a fili kore shar, ga siririyar hanya a gefen ruwan, dattijo da matarsa kowa bisa kekensa da jakar guzuri a kariya. Idan irin wannan hoto ya shigo zaurukanmu na WhatsApp, amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ai su ƙasarsu a shimfiɗe take, kuma masu kuɗi ne." Daga nan sai a wuce zuwa wani zancen. Mu dai a ganinmu wannan amsa ba ta gamsar ba. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muna da ita, magudanan ruwa muna da su, keke kuwa iyayenmu da kakanninmu sun hau shi. Inda aka bar mu a baya shi ne, su sun yanke shawarar cewa gefen ruwa hanya ce ta jama'a, suka tsaya a kan haka har hukuma ta bi su. A wannan zamani da kuɗin mota ke cinye kaso mai tsoka na abin da ɗan dako da ɗan tireda ke samu a rana, maganar keke ta wuce maganar nishaɗi.

Mu fara da ƙasar ita kanta. Holan ƙarama ce, faɗinta bai kai na jihar Kaduna ba, mutanenta kimanin miliyan 18. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar teku ya fi shi tudu, wato da jingar da ta tare ruwan za ta fashe, da gonaki da garuruwa sun nutse. Wurin da ya fi ko'ina tsayi, can ƙuryar kudu maso gabas kan iyakarsu da Jamus da Beljiyam, mita 322 ne kacal. Yawancin gonakin yammacin ƙasar a da fadama ce da tafkuna, aka zuƙe ruwan aka mayar da su gona. Shi ya sa ko'ina ka duba magudanar ruwa ce, irin wadda a nan Legas muke kira kanal. Ƙanana suna kwashe ruwa daga gona su kai wa manya, manya su kai shi inda inji zai ɗaga shi ya zuba a kogi. A da injinan iska masu manyan fukafukai ne ke wannan aiki. Guda 19 da aka gina wajen 1740 a ƙauyen Kinderdijk suna nan tsaye har yau, hanyar keke ta ratsa ta tsakaninsu.

Da yawa daga cikin hanyoyin da ke bin gefen ruwan nan sun girmi keke nesa ba kusa ba. A 1632 aka buɗe kanal tsakanin Amsterdam da Haarlem domin jigilar fasinja. Jirgin ba shi da inji, doki ne ke jan sa da doguwar igiya yana tafe a bakin ruwa. Dole ke nan a bar wa dokin turba a gefe, babu gini babu shinge tsakaninta da ruwa, tun daga wannan gari har wancan. Ba a daɗe ba irin wannan sufuri ya haɗa manyan garuruwan yammacin ƙasar, jirage na tashi a kan ƙayyadadden lokaci. Da jirgin ƙasa ya zo a 1839, shi ma tsakanin Amsterdam da Haarlem ya fara, sai kasuwar jirgin doki ta soma mutuwa. Turbar dokin kuwa ba a bar ta ta ɓace ba. Wasu sun koma titin mota, wasu da yawa suka zama hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa. Tun da ruwan kanal ba ya hawa tudu, hanyar da ke bin sa ita ma ba hawa ba gangara, yaro da tsoho duk za su iya. Haka abin yake a Faransa, inda masu keke ke bin gefen kanal ɗin Midi mai tsawon kilomita 240, wanda aka buɗe tun 1681.

Ga yadda yawon yake ga mai son yi. A bayan babbar tashar jirgin ƙasa ta Amsterdam akwai jiragen fito da ke tsallakar da masu keke da masu ƙafa kyauta. Da ka tsallaka, kafin wani lokaci mai tsawo gari ya ƙare, ka shiga karkarar da suke kira Waterland. Za ka bi ta ƙauyen Broek in Waterland mai gidajen katako, ka wuce Monnickendam, in kana da sauran ƙarfi ka kai Edam, garin da sunansa ya bi duniya saboda cuku. A wasu wuraren hanyar a kan jinga take: hannunka ɗaya tafki, ɗaya hannun gona, kuma da idonka za ka ga ruwan ya fi gonar tudu. Kafin magariba ka dawo masauki. Wanda yake Utrecht zai iya bin gefen kogin Vecht har Muiden, yana wuce tsofaffin gidajen shaƙatawa na attajiran da. Mai mako guda a hannu kuma akwai hanyar da ta zagaye tafkin IJsselmeer, sama da kilomita 400. Wannan tafki a da reshen teku ne, a 1932 aka datse bakinsa da jinga mai tsawon kilomita 32.

Abin da ya fi burge mu a tsarin shi ne yadda baƙo ba ya ɓata. Kowace mahaɗar hanyar keke an ba ta lamba, an kafa allo mai taswirar yankin, an kuma sa ƙananan alamu masu kibiya da ke nuna lambar da ke gaba. Kafin ka fita sai ka rubuta lambobin da za ka bi a 'yar takarda, misali 45, 12, 78, ka liƙa a kan keke. Shi ke nan, ba ka bukatar jin yarensu, ba ka bukatar waya. Wani injiniyan haƙar kwal mai suna Hugo Bollen ne ya ƙirƙiro dabarar a yankin Limburg na Beljiyam, aka fara amfani da ita a 1995, lokacin da ma'adinan kwal na yankin suka rufe ana neman abin da zai kawo wa mutane kuɗin shiga. Daga can ta bazu zuwa Holan har ta game ƙasar. A duba da kyau: abin da wannan dabara ke ci shi ne allo da fenti, da mutumin da zai riƙa zagayawa yana gyara wanda ya faɗi.

Masauki ma sun yi masa tsari. Akwai ƙungiyar da ake kira Vrienden op de Fiets, wato abokai a kan keke, wadda tun 1984 take haɗa matafiya da masu gida da ke da ɗakin da ba kowa. Ka kwana, a ba ka karin kumallo, ka biya kuɗi kaɗan, ka kama hanya. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da zango-zango suka yi tafiyar, kowane zango da mai gidan da ke sauke baƙi. Da irin wannan tsari aka kafa unguwannin da muke zaune a cikinsu yau a kudu, tun daga Sabon Ibadan har Agege. Doguwar tafiya a hankali, da masauki a kowane mataki, gadonmu ne.

Kada kuma a ɗauka shimfiɗar ƙasa ta sa komai ya zo da sauƙi. Inda babu tudu babu abin da ke tare iska, ita kuwa iskar teku idan ta fuskanto ka sai ka ji kamar kana hawan dutse. Ruwan sama ba shi da lokaci, sanyin hunturu kuma na ratsa ƙashi. Duk da haka kekunan ƙasar sun kai kimanin miliyan 23, sun fi mutanenta yawa. Hanyoyin da aka keɓe wa keke sun kai kimanin kilomita 35,000, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na zirga-zirgar yau da kullum a kan keke ake yin ta. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht an gina wurin ajiye keke mai cin 12,500. Mark Rutte, wanda ya yi firaministan ƙasar daga 2010 zuwa 2024, an sha ganin sa yana zuwa ofis a keke, ranar da ya sauka ma a kan keke ya bar wurin. Hanyar da ɗan yawon buɗe ido ke jin daɗinta ranar hutu, ita ce 'yan makaranta da ma'aikatan asibiti ke bi sauran ranaku. Don jama'ar gari aka yi ta, baƙi suka samu rabo.

To ta yaya suka kai nan? Bayan yaƙin duniya na biyu Holan ta samu arziki, kowa ya koma sayen mota. Aka riƙa rushe tsofaffin unguwanni ana faɗaɗa titi, har wasu magudanan aka cike aka shimfiɗa kwalta a kai. Mai keke ya koma abin tausayi a gefen titi. A 1971 fiye da mutum 3,000 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara. Wani ɗan jarida mai suna Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe ƙaramar 'yarsa tana kan keke, ya yi rubutu mai zafi a jarida, kuma daga taken rubutun aka samo sunan ƙungiyar Stop de Kindermoord, wato a daina kashe yara. Iyaye mata suka fito da 'ya'yansu suka tare tituna, suka zauna da 'yan majalisa, suka hana hukuma sakat. Ana cikin haka sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Holan mai, gwamnati ta hana hawa mota ranakun Lahadi na wasu makonni. Mutane suka ga yadda garinsu ke zama idan babu rugugin mota. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, kuma daga wannan lokaci birane suka fara ware wa keke hanyarsa daban.

Ba hanya kaɗai suka gina ba. Dokar ƙasar ta ɗora nauyin diyya a kan mai mota idan ya buge mai keke ko mai tafiya a ƙasa. In yaro ne da bai kai shekara 14 ba, kusan ko yaya aka yi ɓangaren mai mota ne zai biya duka, in babba ne kuma a mafi yawan lokuta aƙalla rabi. Direban da ya san haka yana taka birki. A ƙarshen firamare yara da yawa suna yin jarrabawar bin dokar hanya a kan kekunansu, manya na tsaye a mahaɗa suna duba su. Su kuma magudanan da jingogin akwai hukumomin ruwa na yanki-yanki da ke kula da su, wasu asalinsu tun ƙarni na 13. A yau guda 21 ne, jama'a ke zaɓen wakilansu, suna da harajinsu na kansu, aikinsu yashe kanal da gyaran jinga. Asalin abin aikin gayya ne na manoma da suka gane cewa in maƙwabci ya yi sakaci da tasa jingar, kowa zai kwana a ruwa. Duk da wannan, ba mu ce sun gama da haɗari ba. A 'yan shekarun nan ana rasa mutum 600 zuwa 750 a shekara a hanyoyinsu, masu keke na cikin waɗanda abin ya fi shafa, musamman tsofaffi. Amma a kwatanta da 1971, alhali mutane da motoci sun ƙaru sosai.

Yanzu mu dawo gida. A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja. Wata rana bas ta ture shi ya faɗa rami, aka yi ta dariya, maganar ta mutu. Mutumin yana da gaskiya a kan amfanin keke. Kuskuren shi ne tura mutane kan titin da aka gina don mota kaɗai. Har yau nan muke tsaye. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, a 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Kafin nan gwamnatin Legas ta hana acaɓa a manyan ƙananan hukumomi a 2020, ta sake tsananta dokar a 2022, kuma kowa ya san matasanmu nawa wannan ya raba da abin yi. Wanda ke zuwa aiki tafiyar kilomita biyar ko shida, zaɓinsa biyu ne: ya biya danfo da Keke Napep, ko ya taka da ƙafa. Keke zai kai shi cikin rabin sa'a ba tare da ya sayi mai ba. Amma wa zai ce wa ɗansa ya hau keke ya shiga tsakanin tirela da danfo a titin Ikorodu ko hanyar Apapa? Mu kam ba za mu ce ba.

A nan ne maganar kanal ta shigo. Legas gari ne shimfiɗaɗɗe a bakin teku, kuma manyan magudanai sun ratsa unguwanninsa, suna bi ta bayan gidaje inda babbar mota ba ta shiga. Doka ta ce a bar fili a gefen kowane babban kanal domin injin yashewa ya samu wurin wucewa. Wato turbar dokin nan ta Holan mu ma muna da irinta a takarda. Abin da muka yi da ita shi ne juji. Ledar ruwa, robobi, ragowar kayan gwari, bahaya, duk can suke tafiya, damina ta zo ruwa ya dawo mana da su har cikin ɗaki. Manya daga cikinmu ba su manta ranar 27 ga Janairun 2002 ba, lokacin da bama-bamai suka tashi a barikin soja na Ikeja. Jama'a suka gudu cikin firgici, ɗaruruwa suka afka kanal ɗin Oke-Afa da ciyawar ruwa ta rufe fuskarsa, suna zaton ƙasa ce. Yawancin waɗanda suka rasu a wannan rana a ruwan suka rasu, da yawansu yara. Kanal ɗin da aka juya wa baya tarko ne. Wanda ake bi ta gefensa kullum kuwa ana ganin sa, ana sa masa fitila da gada da shinge, mai zuba shara ma yana jin kunyar idon mutane.

Mun san gwamnati na rusa gine-ginen da ke bakin magudanai, mun kuma san sau da yawa talaka ne ke kwana a waje, ciki har da namu. Matsayinmu a nan a fili yake: a ba mutane isasshen wa'adi, a nema wa masu ƙaramin ƙarfi mafita, kuma dokar da ta hau kan mai rumfar kwano ta hau kan mai bene. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: bayan an rusa, me ake yi da filin? Abin da muka saba gani shi ne a bar shi haka, shara ta taru, bayan 'yan shekaru a sake ginawa, a sake rusawa. Da za a shimfiɗa masa hanya mai faɗin mita uku, da turakun da za su hana mota shiga, da filin ya tsare kansa. Injin yashewa ya samu wurin wucewa, 'yan makaranta da 'yan kasuwa su samu hanyar da tirela ba ta bi.

Can gida Arewa kuwa abin ya fi kama da na Holan. Daga dam ɗin Tiga da aka gina zamanin gwamna Audu Bako, babban kanal ya ɗauko ruwa ya rarraba shi a gonakin Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, ƙasa a shimfiɗe iyakar ganinka, shinkafa da tumatir da alkama kore shar a tsakiyar rani. A gefen manyan magudanan akwai hanyoyin da aka yi don ma'aikata da manoma, kuma tun da daɗewa masu keke ke bin su da buhun taki ko kwandon tumatir a kariya. Haka kwarin Haɗeja, da dausayin Haɗeja zuwa Nguru inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai su yi hunturu. Yaran da muka haifa a Legas da Ibadan da Fatakwal, da yawansu ba su taɓa ganin inda tumatirin da iyayensu ke saukewa a Mile 12 yake fitowa ba. Yini guda a kan keke tsakanin gonakin nan, da sanyin safiya a watan Disamba ko Janairu, zai koya musu abin da shekara guda ta labari ba za ta koya musu ba. Mai shayi da mai faci da mai ƙosai a ƙauyukan hanya su ma su samu ciniki.

Za a ce mana tsaro fa? Gaskiya ne. Akwai wurare irin yankin Bakolori a Zamfara, mai kyawawan magudanai, da a halin yanzu babu mai hankalin da zai tura yara yawo. Inda babu lafiya a haƙura, a fara da inda mutanen gari da masu unguwanni suka tabbatar da lafiya, a fita cikin ayari, a dawo da rana. Za a ce zafi fa? Manomi ya daɗe da sanin maganinsa: a fita da sassafe, a huta da tsakar rana. Za a ce ana fama da abinci wa ke ta yawon buɗe ido? Shi ya sa muka ce hanyar ta masu neman abinci ce da farko, yawo ya biyo baya, kamar yadda ya faru a Holan.

Babbar matsalar dai a cikin zukatanmu take. A zamanin iyayenmu, malamin makaranta ko ma'aikacin En'e da ya sayi Raleigh sabo fil, har gida ake zuwa taya shi murna, a yi wa keken ado, a goge shi kullum. Yau saurayi ya gwammace ya ci bashi ya sayi babur, ko ya yi tafiyar sa'a guda a ƙasa, da a gan shi a kan keke a ce ya talauce. Mu da bakinmu muke yi wa mai keke ba'a, mu ne kuma ke kukan kuɗin mota. Ƙasar da ta fi mu arziki nesa ba kusa ba tsohon firaministanta ya riƙa zuwa ofis a keke, mu kuma mun mayar da shi alamar karayar arziki. Matuƙar wannan tunani na nan, ko an gina hanyar 'yan kasuwa za su baza kaya a kai, domin babu wanda zai tsaya mata.

Ga abin da muke ganin ya dace mu yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Na farko, kowace unguwa da ke da kanal a kusa ta zaɓi yanki guda, ko da mita 500 ne, ta riƙe shi. A yi gayyar kwashe shara, a hana zubawa, a fara da kasuwanninmu da mahautanmu. Wanda bai share ƙofar gidansa ba bakinsa ba ya ƙarfi a gaban hukuma.

Na biyu, iyayenmu sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su haɗa kai da ƙungiyoyin ci gaban unguwa na maƙwabtanmu Yarabawa da sauran ƙabilu, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma buƙata guda ɗaya a rubuce: daga gada kaza zuwa makaranta kaza, a daidaita gefen kanal, a sa fitila da shinge. Ambaliya ba ta tambayar ƙabila, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Buƙata ƙarama mai suna da iyaka ta fi saurin samun amsa a kan dogon kuka.

Na uku, adashen da muke yi na biki da na Sallah a buɗe irinsa na keke, domin ɗalibai da yaran shago da masu koyon sana'a. Kowane keke ya zo da fitila gaba da baya, da ƙararrawa, da birki mai kyau, a kuma koya wa yaro dokar hanya kafin a miƙa masa. Matasan da dokar acaɓa ta zaunar, wasunsu za su iya kama gyaran keke da kai saƙo a cikin unguwa.

Na huɗu, matasanmu masu zuwa gida hutu su haɗu da 'yan uwansu na Kura da Kadawa, da izinin hukumar da ke kula da magudanan da na masu gari, su gwada dabarar lambobin nan a hanya guda. Mahaɗa goma, allo goma, gwangwanin fenti biyu. Ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa keke tun 2018, ta ishe mu ranar fara fita, ko a can ko a nan.

Iyayen da suka tare tituna a Holan ba injiniyoyi ba ne, ba kuma masu mulki ba. Mutane ne da suka gaji da binne 'ya'yansu, suka nemi abu guda suka nace a kai shekara da shekaru. Sannu ba ta hana zuwa. Muna roƙon duk wanda ya san wani kanal a unguwarsu da za a iya farawa da shi ya faɗa mana sunan wurin da tsawonsa, domin a taron wata mai zuwa mu zauna da jerin wurare a hannu, mu zaɓi guda mu fara.

Allah ya sa mu dace.